Injin da Ke Hura wa Kansa Ƙura: Yadda Ake Auna Filasma a Jikin Tauraron Ɗan'adam

Duk wanda zafin bazara ya taɓa kora zuwa tsakar gida a Wurogauri, ko a wani ƙauye na ƙasar Gwandu da Kalgo inda fitilun birni ba su dushe sararin sama ba, mai yiwuwa ya ga wani abin mamaki jim kaɗan bayan sallar isha'i: ɗigo-ɗigon haske sun jeru reras kamar carbi, suna tafiya shiru daga wannan kusurwa zuwa waccan. Waɗannan sababbin taurarin ɗan'adam ne na kamfanin Starlink, wanda ya fara sayar da intanet a Nijeriya cikin Janairun 2023. Roka takan sauke su a ƙasa-ƙasa, sa'an nan kowanne ya hau zuwa mazauninsa, kimanin kilomita 500 daga doron ƙasa, da ɗan injinsa na kansa. Injin nan ba ya ƙona mai, ba ya kuma yin ƙara. Da lantarki yake aiki, abin da yake fesarwa kuwa shi ake kira filasma.

Filasmar ba ta tafiya gaba ɗaya ta bar tauraron ya huta. Wani kaso nata yakan juyo ya lulluɓe jikin da ya fito da shi, ya goge wani wuri, ya shafe wani. Yadda masana ke gane yawan abin da ke dawowa, da ƙarfinsa, da ɓarnar da yake yi, alhali tauraron yana can inda hannu ba ya kaiwa, shi ne abin da za mu duba.

Mene ne filasma?

A aji an koya mana cewa abu yakan kasance daskararre, ko ruwa-ruwa, ko iska. Akwai hali na huɗu. Idan aka ɗura wa iska ƙarfi mai yawa, sai ƙwayoyin zarrarta su fara zubar da ilektaron ɗinsu. Ƙwayar da ta rasa ilektaron sunanta ayon, tana ɗauke da caji mai alamar tarawa. Ilektaron ɗin da ya kuɓuce kuwa cajinsa mai alamar ɗebewa ne. Wannan gauraye na ayon da ilektaron da sauran ƙwayoyin da ba su rasa kome ba shi ne filasma. Ba baƙon abu ba ne a gare mu. Walƙiyar damina filasma ce, haka hasken da ke tashi a bakin sandar mai walda, haka abin da ke cikin dogon ƙwan fitila mai farin haske. Rana ita kanta dunƙulen filasma ce. Wani masani Ba'amurke, Irving Langmuir, shi ya raɗa mata wannan suna a 1928, za mu kuma sake haɗuwa da shi nan gaba.

Abin da ya bambanta filasma da iskar da muka saba da ita shi ne tana jin kiran lantarki da na maganaɗisu. Ana iya janyo ta, ana iya kora ta. A kan wannan aka gina injin. A irin wanda ya fi yaɗuwa, wanda ke ɗauke da sunan Edwin Hall, akwai wani rami mai siffar zobe da aka yi da tangaran. Ana sakin iskar zinon daga ƙuryar ramin. Maganaɗisu yana tsare ilektaron a bakin ramin suna ta kewaya, duk ƙwayar zinon da ta zo wucewa sai su yi karo da ita su mai da ita ayon. Daga nan sai ƙarfin lantarki na kimanin bolt 300 ya wurga ayon ɗin waje da gudun da ya kai kilomita 16 a daƙiƙa guda. Hayaƙin roka mai ƙona mai da ƙyar yake wuce kilomita 4 da rabi. Saboda haka injin lantarki yana yin aiki mai yawa da guzuri kaɗan. Tarayyar Sobiyet ce ta fara gwada irin wannan inji a sama, a kan tauraron Meteor da ta harba a ƙarshen 1971. Amurka kuwa ta riga ta gwada wani iri dabam, mai tace ayon ta cikin ragar ƙarfe, tun ran 20 ga Yuli, 1964, a kumbon SERT-1, inda injin ya yi aiki minti 31.

Sai dai turin da injin ke yi ɗan mitsitsi ne ƙwarai, ba ya iya ɗaga ko takalmi daga ƙasa. Amfaninsa yana ga naci: yakan yi watanni yana turi ba hutawa. Watannin nan kuwa duka tauraron yana zaune ne cikin hayaƙin kansa.

Yadda hayaƙin ke dawowa

Mai karatu zai ce, abin da ya fita da gudun kilomita 16 a daƙiƙa, ina shi ina dawowa? Gaskiya ne, wanda ya fita da wannan gudu ya tafi ke nan. Matsalar tana wurin ragowar zinon da ta silale daga injin ba tare da ta zama ayon ba. Irin waɗannan ƙwayoyi suna yawo sannu-sannu a bakin injin. Idan ayon mai gudu ya gifta kusa da ɗaya daga cikinsu, yakan fizge mata ilektaron ya wuce abinsa, ya zama ƙwaya marar caji. Ita kuwa wadda aka fizge wa, ta zama ayon, amma ayon marar gudu. Masana suna kiran wannan musayar caji. Sabon ayon ɗin ba shi da ƙarfin bin ayari, saboda haka sai lantarkin da ke cikin feshin ya tunkuɗe shi gefe, wani lokaci har baya, inda faifan hasken rana da eriya da madubin na'urar ɗaukar hoto suke.

Ko babban feshin ma ba a tsuke yake fita ba. A injin Hall yakan buɗe kamar bakin mazurari, kusan digiri 45 ta kowane gefe, ta yadda gefensa kan iya shafar fiffiken tauraron idan ya juyo ta wajen.

Ɓarnar iri-iri ce. Ayon mai ƙarfi idan ya bugi ƙarfe ko gilashi yakan ɓantare masa ƙwayoyi ɗaya-ɗaya, kamar yadda iska mai yashi ke cin katangar ƙasa shekara da shekaru. Abin da ya fi jin jiki shi ne siraran mahaɗan azurfa da ke tsakanin ƙwayoyin faifan hasken rana, da kuma shafen da ke kan gilashinsu. Ƙwayoyin da aka ɓantaro, har da na jikin injin kansa, sukan je su sauka a wani wuri su yi masa yana. Wanda ke da faifan sola a gida ya san abin da ƙurar hunturu ke yi masa. Bambancin kawai shi ne a can sama babu yaron da za a aika da tsumma. Har ila yau, filasmar tana canza cajin jikin tauraron, tana kuma iya dagula saƙon rediyo idan ya ratsa ta cikinta.

Mu a Nijeriya mun san darajar fiffiken hasken rana. Tauraron sadarwarmu na farko, NigComSat-1, wanda aka harba daga Xichang ta ƙasar Sin cikin Mayun 2007, ya mutu cikin Nuwamban 2008 saboda lalacewar sashen fikafikansa. Ba filasmar inji ce ta kashe shi ba, domin injinsa mai ƙona mai ne. Amma ya nuna mana a fili cewa ran tauraro yana ga fikafikansa, duk abin da ke cin su kuwa, ko da a hankali ne, dole a san gwargwadonsa.

Me ya hana a auna a ƙasa?

Ana aunawa. Akwai manya-manyan tankunan ƙarfe da ake zuƙe wa iska, kamar na cibiyar NASA da ke Cleveland a Amurka da na Hukumar Sararin Samaniya ta Turai da ke Noordwijk a Holan, inda ake kunna inji na dubban sa'o'i. Amma tanki ba sama ba ne. Kome ƙarfin famfo, ba ya iya kwashe zinon da saurin da injin ke zubo shi, don haka iskar da ta rage a tankin takan ƙara yawan musayar caji fiye da yadda zai kasance a sama. Bangon tankin shi ma feshin yana cinsa, ɓarɓashinsa yana dawowa kan abin da ake gwadawa. Ga shi kuma babu tankin da zai ɗauki tauraro da fikafikansa a buɗe. Abin da aka auna a ƙasa, ke nan, ya haɗa da laifin injin da laifin tankin, raba su kuwa sai an sami awo daga sama da za a kwatanta da shi.

Ran 27 ga Satumba, 2003

Wannan rana tana cikin tarihinmu, domin a cikinta ne aka harba NigeriaSat-1, tauraron ɗan'adam na farko na Nijeriya, daga Plesetsk ta ƙasar Rasha. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a daren wannan rana ɗin dai, wata roka Ariane 5 ta tashi daga Kourou a Kudancin Amurka ɗauke da wani ɗan kumbon Turai mai suna SMART-1, wanda nauyinsa kilo 367 ne. An nufe shi da zuwa wata da injin Hall guda ɗaya, ƙirar Faransa, da guzurin zinon kilo 82 kacal. Turin injin kimanin kashi 7 cikin 100 na niyuton ɗaya ne, watau kwatankwacin nauyin giram 7 a tafin hannu, bai kai na fallen takardar jarrabawa biyu ba. Ya yi ta kewaya duniya yana faɗaɗa da'irarsa har wata ya kama shi a tsakiyar Nuwamban 2004, bayan kusan wata 14. 'Yan sama-jannatin Apollo kwana 3 suka yi a wannan hanya, amma da tulin mai.

Ga malaman Fizik, akwai lissafi mai daɗi a nan da za a ba 'yan aji biyar. A raba niyuton 0.07 da kilo 367, a ninka da daƙiƙa 86,400 da ke cikin yini da dare. Za a ga gudun kumbon yana ƙaruwa da kimanin mita 16 a daƙiƙa kowace rana. A ninka da kwana 100 a ga inda aka kai.

Turawa sun aika SMART-1 ne musamman don su koyi zama da irin wannan inji, shi ya sa suka ɗora masa kayan awo kashi biyu. Na farko, EPDP, ƙirar Italiya, an dasa shi kusa da injin. Na biyu, SPEDE, na Cibiyar Nazarin Yanayi ta ƙasar Finlan, sanduna biyu ne masu tsawon santimita 60 da ke miƙe daga jikin kumbon. Duka-duka ba su wuce 'yan kilo ba. Abin sha'awa shi ne, idan aka buɗe su, dabarun da ke ciki ba su fi ƙarfin ɗalibin da ya fahimci darasin lantarki na sakandare ba.

Tsinken Langmuir

Masunci ko mai fito a gulbi ba ya ganin ƙasan ruwa, amma da ya caka gorarsa ya san zurfi, ya san ko yashi ne ko laka. Tsinken Langmuir gorar masu nazarin filasma ce. Ɗan ƙarfe ne, waya ko ƙwallo, da ake tsomawa cikin filasmar, a riƙa canza masa bolt daga ɓangaren ɗebewa zuwa na tarawa, ana auna lantarkin da ke bi ta cikinsa a kowane mataki. Langmuir da abokin aikinsa Mott-Smith suka shimfiɗa lissafinsa a 1926.

Idan tsinken yana can ƙasa a ɓangaren ɗebewa, yakan kori ilektaron duka ya janyo ayon kaɗai, sai a ga ɗan lantarki kaɗan. Da aka fara ɗaga bolt ɗin, sai ilektaron mafiya zafin gudu su fara isowa, sa'an nan na bayansu, lantarkin ya yi ta hauhawa da sauri. Akwai wani mataki da ayon da ilektaron masu isowa suke yin daidai wa daida, allurar awo ta tsaya a sifiri. Can gaba kuma hawan yakan lanƙwashe, alamar tsinken ya yi daidai da bolt ɗin filasmar kanta. Idan aka zana wannan duka a takardar giraf, yanayin hawan yana faɗin zafin ilektaron, tsayinsa yana faɗin yawansu a kowane santimita, gwiwar lanƙwasar kuma tana faɗin bambancin bolt tsakanin kumbo da filasmar da ke kewaye da shi. Amsa uku daga waya guda.

Dalilin da ya sa ɓangaren ilektaron ya fi na ayon tsayi nesa ba kusa ba shi ne nauyi. Ayon ɗin zinon ya fi ilektaron nauyi kusan sau 240,000, don haka kafin ya taka ɗaya ilektaron ya yi ɗari. Wannan bambanci shi ke sa duk abin da aka bari cikin filasma ba a haɗa shi da kome ba ya tara cajin ɗebewa. Kumbo ma haka yake. Injin yana da wata 'yar na'ura a gefensa da ke fesa ilektaron don su rama cajin ayon ɗin da ke fita. Ba don ita ba, da kumbon ya tara cajin ɗebewa har ya riƙa janyo feshinsa baya. Awon SMART-1 ya nuna cewa bolt ɗin jikin kumbon ba a tsaye yake ba: yana hawa yana sauka gwargwadon yadda fikafikan suka juya, domin mahaɗan ƙarfen da ke fili a kansu suna zuƙar ilektaron daga filasmar. Wannan abu ne da tanki ba zai nuna ba, tun da ba a shiga da fikafikan ciki.

Matacin ayon

Tsinken Langmuir ya fi sanin labarin ilektaron. Masu ɓarna kuwa ayon ne, kuma abin da ake son sani game da su shi ne ƙarfin kowanne, domin ayon mai rauni sauka kawai yake yi, mai ƙarfi shi ke ɓantara. Na'urar da ke wannan aiki kamar ɗan gwangwani take, da ragogin ƙarfe a jere a bakinta, da faranti a ƙurya. Raga ɗaya tana korar ilektaron. Wata kuma ana ɗora mata bolt na tarawa, ta zama kamar tudu a gaban ayon: wanda ƙarfinsa ya fi tudun ya haye ya faɗa kan faranti a ƙirga shi, wanda bai kai ba ya koma. Sai a riƙa ƙara wa tudun tsayi kaɗan-kaɗan ana duba yadda masu hayewa ke raguwa. Inda suka ragu farat ɗaya, nan ne ƙarfin mafi yawansu yake.

Da haka ake rarrabe baƙi. Ayon ɗin babban feshi yana zuwa da ƙarfin ɗaruruwan bolt, na musayar caji kuwa 'yan gomomi ne. Tun da EPDP yana gefe ne, ba a gaban injin ba, abin da ya fi shigar masa shi ne na musayar caji, watau ainihin waɗanda ake tuhuma. Rashawa ma sun ɗora irin wannan mataci a kan taurarin sadarwarsu na Express-A a shekarar 2000, a can falakin da ke kilomita 35,786, inda NigComSat-1R yake zaune.

Sikelin da ke auna abin da ido ba ya gani

A ganina wannan ita ce mafi kyawun dabara cikin ukun. Agogon hannu mai batir yana da ɗan ƙanƙanin dutsen kwaz a ciki, wanda lantarki ke sa shi karkarwa sau 32,768 a daƙiƙa, da haka agogon ke ƙirga lokaci. Makaɗa kuma sun daɗe da sanin cewa idan aka manna danƙo a tsakiyar fatar ganga, muryarta takan yi ƙasa, domin fatar ta yi nauyi. Haɗa waɗannan biyu, ka sami sikelin. Ana yanka kwaz falle siriri mai karkarwa sau miliyoyi a daƙiƙa, a bar fuskarsa a buɗe. Duk abin da ya sauka a kansa yana rage saurin karkarwar. Idan kuma ayon suna cin fuskar, saurin ya ƙaru. Wani Bajamushe, Günter Sauerbrey, ya fitar da lissafin a 1959. Sikelin yana jin nauyin da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na giram ba, har yanar da kaurinta bai wuce ƙwayar zarra ɗaya ba. Wahalarsa ita ce zafi da sanyi ma suna canza karkarwar, shi ya sa akan ajiye wani fallen a rufe kusa da shi don a riƙa ɗebe bambancin.

Kumbon Amurka Deep Space 1, wanda aka harba ran 24 ga Oktoba, 1998, ya ɗauki irin wannan sikeli guda biyu, tare da tsinken Langmuir da matacin ayon da ma'aunin maganaɗisu. Injinsa mai raga ne, ragar kuma ta ƙarfen molibdinom ce. Ranar da aka fara kunna shi minti 4 da rabi ya yi ya mutu, sai bayan mako biyu ya tashi, daga nan ya yi aiki fiye da sa'a 16,000. An dasa sikeli ɗaya inda yake hangen ragar injin, ɗayan kuma a ɓoye. Mai hangen ragar ya tara yanar molibdinom, na ɓoyen kuwa abin da ya samu kaɗan ne ƙwarai. Darasin da masu ƙira suka ɗauka a bayyane yake: kada a sa madubi ko wani abu mai tsabta inda zai yi ido huɗu da bakin inji.

A kan SMART-1 an ƙara da abu na huɗu, mafi sauƙi duka: ƙwayar faifan hasken rana guda ɗaya da aka ajiye kusa da injin ana auna lantarkin da take bayarwa, don a ga ko tana dushewa. Kumbon ya gama aikinsa aka faɗa da shi kan wata da gangan ran 3 ga Satumba, 2006, bayan injin ya yi kusan sa'a 5,000 yana aiki.

Ina ruwanmu?

NigeriaSat-1 yana da ɗan inji da ke ɗumama iskar butan da lantarki kafin ya fesar da ita, amma wannan zafi bai kai na yin filasma ba. NigComSat-1R, wanda aka harba ran 19 ga Disamba, 2011, aka kuma tsara masa shekara 15, mai ƙona mai ne kamar yayansa. Amma kasuwar ta juya. Cikin Maris na 2015 aka harba taurarin sadarwa biyu na farko da ba su da kowane inji sai na lantarki, ƙirar kamfanin Boeing. Sun yi wata shida ko fiye suna hawa zuwa mazauninsu, amma nauyinsu bai wuce rabin na takwarorinsu ba, kuɗin harbi kuwa da nauyi ake biyansa. Duk ƙasar da za ta sayi tauraron sadarwa yanzu sai an shimfiɗa mata wannan zaɓi a kan tebur. Injiniyan da zai zauna a wancan tebur a madadinmu ya kamata ya iya tambaya: ina injin yake fuskanta, digiri nawa ne tsakaninsa da fiffike, kashi nawa na lantarkin fiffiken za a rasa cikin shekara 15, kuma da wane awo aka tabbatar, na tanki ko na sama?

Hukumar NASRDA, wadda aka kafa a 1999, tana da cibiyar nazarin injinan roka a Epe ta Jihar Legas. Amma ba sai an je can za a fara ba. Tsinken Langmuir cikin bututun gilashi mai ɗan hasken filasma gwaji ne da ɗaliban digirin farko ke yi a ƙasashe da dama. Abin da yake bukata shi ne famfon zuƙe iska, da na'urar ba da bolt, da ma'aunin lantarki mai jin ƙanƙanin abu, da malami mai kula da haɗarin babban bolt. Ba abin da zai gagari ɗakin gwaje-gwajen jami'a ba ne, ko Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013 a hanyar Kalgo, ko ta kimiyya da fasaha da ke Aliero.

Aikin awon ma bai ƙare ba, domin yawancin abin da aka tara daga Deep Space 1 da SMART-1 na zinon ne. Zinon kuwa tsada gare shi, tun da a cikin iskar duniya bai kai kashi ɗaya cikin miliyan 10 ba. Saboda haka taurarin Starlink na farko da iskar kiriftan suka tashi, daga 2023 kuma sababbin suka koma agon, wadda ta kusa kashi 1 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. Ƙwayar agon ba ta kai sulusin ta zinon nauyi ba, ta kuma fi ta wuyar sakin ilektaron, don haka yawan wadda ke silalewa ba caji, da faɗin feshin, da yadda take cin azurfa da gilashi, duk lissafinsu dabam ne, sai an sake aunawa.